Muryar Foman a Tsakar Gida

Zuwa ga taubashiyata Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Kawu da Direba da iyalinsa da duk mai cin tukunyar gidan. Ni dai alhamdu lillahi, gwiwar hagu ce kawai take min tsiya in hadari ya haɗu. Ta fi masu hasashen yanayi gaskiya.

Kin ce in daina ɓarnar takarda in riƙa kiranki a waya kamar sauran mutane. Ai na gwada. Wayoyinku na can ba su da lafiya, sai in ji kamar mutum yana magana daga cikin rijiya. Ki bar ni da birona.

To, abin da ake ta faɗa ya zo: masaƙa ta sallame ni. An tara mu a ɗakin cin abinci, manaja ya yi dogon jawabi, bakinsa dai na ga yana motsi da kyau, aka tafa, aka ba ni agogon bango. Na shiga ɗakin injinan saƙa ina saurayi, na fito ina foman mai kula da ma'aikata, da furfura har a gira. Yanzu an ce kafin ƙarshen damina in miƙa makullin gidan ma'aikata.

Hanya biyu ce a gabana. Akwai wani ɗaki a bayan shagon mai walda, dab da ƙofar masaƙa, inda tsoffin abokan aikina, Dogo da Makaniki, suke wuni a kan benci. Sun ce in kama shi mu ƙarasa tare. Akwai kuma sashen mahaifina a nan wajenku. Tun da Uwar yara ta rasu bara, ɗakunan nan sun yi min yawa, ina dafa shayi kofi biyu in zubar da ɗaya. Yara kowa ya ce in koma wurinsa, amma na ga gidajensu, in na shiga sai wani ya fita.

Ba na son in dawo in zama kaya a kan kowa. Shi ya sa zan zo in yi mako biyu tukuna, in ga yadda gida zai karɓe ni. Ke ce ba kya rufa min, ki faɗa min in zuwan bai dace ba.

Yayanki,
Foman


Yaya Foman,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kowa lafiya. Kawu yana kwance da hawan jininsa, amma bakinsa ƙalau yake, jiya ma ya yi wa mai kawo ruwa faɗa. Matar Direba ta haihu, namiji, kansa irin naku.

Barka da hutawa. Amma masaƙar nan taku akwai wayo: mutum ba shi da inda za shi kuma, sannan a ba shi agogo. Da tabarma suka ba ka da sun fi kyautawa.

Wai ko zuwanka ya dace! Gidan ubanka ne fa, ba nawa ba. Ni da aure ya fitar, mutuwar miji ta dawo da ni, ban nemi izinin kowa ba, sai kai? Na sa Direba ya kwashe tsoffin tayoyin da ya jibge a ɗakin Baba, an share, an toshe yoyon kusurwa. Wata kaza ta mai da tagar ɗakin wurin ƙwanta, na ce mata mai ɗaki na tafe.

In faɗa maka gaskiya, na gaji da zama babba a gidan nan. Na bar koyarwa don in huta da raba faɗan yara, sai ga ni ina raba na masu gemu. Kawu ya tsufa, Direba kuwa ko jikoki ya tara ba zai girma ba. Ka zo ka karɓi kayanka. Ɗakin bayan shagon walda kuma kada in sake jin zancensa. Mutum da danginsa ya je ya tsufa a tsakiyar ƙarafa, in ya faɗi wa zai ɗaga shi, Dogo da ke tafiya da sanda?

Ka taho da bargonka, namu duk yara sun gama da su.

Taubashiyarka,
Malama


Malama,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, ina fatan na bar ku lafiya. Na ce miki maganar fansho ce ta sa na katse zamana na dawo bayan mako guda. Ba ita ba ce. A gabanki na kasa faɗa, amma a takarda zan iya.

Gidan nan ba ya so na. Masu magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ni kuwa na gani da idona.

Tun ranar da na sauka, duk wanda zai gaishe ni sai ya sunkuyar da kai ya yi ƙus-ƙus da ƙasa. In ce me ka ce, sai ya ƙara sunkuyawa. A masaƙa in mutum zai yi maka magana fuskarka yake kallo. Wanda ba ya son ka ga bakinsa, akwai abin da yake ɓoyewa a cikinsa.

Na shiga gaida Kawu, na durƙusa dab da kansa saboda girmamawa, na tambaye shi jiki. Kofin da ke hannunsa ya saki, ya ja bargo ya rufe har kai. Na tsaya ina yi masa addu'a, sai hannunsa ya fito daga bargon yana nuna min ƙofa. Mutumin da ya goya ni.

Matar Direba kuwa, da zarar na ɗaga labulen ɗakina sai ta suri jaririnta ta yi cikin ɗaki kamar ta ga shaho. Sau ɗaya na samu na ɗauke shi na yi masa wasa, ya yi kukan da har la'asar bai daina ba.

Shi Direba ya ja ni zaure zai faɗa min wata magana. Na maimaita masa abin da ya ce, yadda muke yi a wajen aiki don a tabbatar an fahimci juna. Yaron nan ya dube ni kamar na kashe masa uwa, ya fita, bai sake zama inda nake ba har na taho.

Wanda ya fi ci min rai shi ne ranar da nake yaba miyar da kika yi. Ina cikin yabo sai ga maƙwabta uku sun faɗo tsakar gida ko sallama babu, ɗaya yana riƙe ni yana ba ni haƙuri. Haƙurin me? Wa ya gaya musu ni mafaɗaci ne, in ba daga cikin gida zancen ya fita ba?

Ke kaɗai kika yi min magana kamar mutum, kuma na gode. Ban riƙe kowa ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai, don na yi shekaru ina ganin tsakar gidan nan a mafarki. Na gaya wa mai walda ya ajiye min ɗakin. A kan bencinmu babu mai ƙus-ƙus.

Na manta bargona, ki ba yara.

Foman


Yaya,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, sau uku ina fara takardar nan ina yagawa. Muna lafiya. Jinin Kawu ya sauka. Jariri yana barci yadda ya kamata.

Ba kowa ke ƙin ka ba, Yaya, wallahi babu ko ɗaya. Gida ya yi tsit tun da ka tafi, har kazar nan ta koma yin ƙwai. Kowa yana tambayarka.

Don Allah kada ka yi saurin kama ɗakin nan. Akwai wata magana da aka yi zama a kanta, aka rasa mai faɗa maka. Kawu ya ce shi marar lafiya ne, Direba ya ce shi yaro ne, ka ji ranar da ya yarda da hakan. A ƙarshe aka ɗora min, wai ni ce taubashiya, in ka zage ni wasa ne. Ina nan ina neman bakin zaren.

Bargonka na wanke na ninke, ban ba kowa ba.

Malama


Malama,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo. Na tafi, jini ya sauka, jariri ya samu barci, kaza ta koma ƙwai, gida ya yi tsit. Madalla. Ashe ni ne annobar.

Ba sai kin wahala da neman bakin zare ba, ni aikina ne zare, na san inda ya tsinke. An yi zama a kaina, an naɗa ki ki ce min in yi zamana inda nake. Na sauƙaƙe muku. Makon gobe za a yi wa ɗakin bayan shagon walda fenti.

A gaida Kawu, in gaisuwata ba za ta tayar masa da ciwo ba.

Foman


Yaya Foman,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, sai ni da takardarka ta hana cin abinci. To, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ka zauna, ka ajiye kofin shayinka, ka karanta har ƙarshe kafin ka fara zagina.

Yaya, ba ka ji sosai. Kuma ihu kake yi.

Ba faɗa nake nufi ba. Gaisuwarka ihu ce, addu'arka ihu ce, dariyarka kuwa sai kwanon rufi ya amsa. Injinan masaƙa sun cinye maka kunne, sun bar ka da muryar da ake magana da ita a tsakiyarsu. Wayoyinmu lafiyarsu ƙalau. In ka kira, nesa da kunne nake riƙewa, har masu wucewa a titi su ji lafiyar gwiwarka.

Yaran da kake cewa suna ɓoye maka baki, kunyarka suke ji. Ka ce me ka ce da wannan murya, su ɗauka sun yi laifi, su ƙara sunkuyawa, su ƙara rage murya, kai kuma ka ƙara ɗagawa. Ni kake ji saboda na yi rabin rayuwata ina magana da aji mai cike da yara, kuma ban taɓa jin kunyar fuskarka ba.

Kawu yana gyangyaɗi ka sa baki a kunnensa ka tambaye shi jiki. Ya ce ya ɗauka ranar ce ta zo. Maƙwabta kuma sun ji kana cewa "Wa ya yi miyar nan? Ina wadda ta yi ta?" suka ce yau Malama ta shiga uku.

Direba fa, sirri ya kawo maka. Shi ya buge ƙofar gidan maƙwabcinmu da mota yana ja da baya, ya ce wata babbar mota ce ta buge ta ta gudu. Abin yana cin sa, ya zo neman shawarar babba. Kai kuwa ka miƙe a zaure ka ce, "Wato kai ka buge ƙofar maƙwabci, ba babbar mota ba?" Maƙwabcin yana bayan katanga yana ba tumakinsa ruwa. Yanzu kullum da yamma Direba yana can da guduma yana miƙe ƙarfe.

Za ka ce, duk zuwan da ka yi a baya me ya sa ba a taɓa gudunka ba? Saboda ba ka taɓa zuwa kai kaɗai ba. Marigayiya, Allah ya jiƙanta, kullum tana gefenka. Da muryarka ta fara hawa sai ta ɗora yatsunta a gwiwar hannunka, kai kuma sai ka yi laƙwas. Ta taɓa ce min a kicin, tana dariya, "In kin ga hannuna a nan, rediyo nake ragewa." Ta roƙe ni kada in faɗa maka, ta ce kai mutum ne mai zuciya, in ka sani za ka daina magana gaba ɗaya, ita kuma tana son hirarka. Wannan karon rediyon ya zo babu mai riƙe maɓalli, mu kuma duk muka zama matsorata. Laifinmu ke nan, na yarda.

Ba a yi zama don a hana ka dawowa ba. An yi ne don a san yadda za ka dawo Kawu bai mutu ba. Akwai likitocin kunne, akwai ɗan abin da ake maƙalawa. Ka je. In ka ƙi kuma, ka dawo haka nan, mu sayi auduga. Na fi son in toshe kunne kana tsakar gida da in ji labarin ka kwana biyu a ɗaki ba wanda ya sani.

Yanzu kana iya zagin.

Taubashiyarka,
Malama


Malama 'yar Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na san shirun ya yi tsawo, har kin aiko ɗana ya leƙo ko ina da rai. Ina da shi. Fushi nake yi, kuma na yi shi sosai, don na zage ki zagin da ya ishe ki shekara. Maƙwabtana na gidan ma'aikata sun ce duk sun ji.

Da fushin ya ɗan lafa na ɗauki takardarki na kai benci, na karanta wa Dogo da Makaniki. Suka ce ƙage ne, mutanen gidanmu ne ba sa cin abinci su ƙoshi, shi ya sa ba su da murya. Muna cikin tattaunawa a natse sai mai walda ya kashe injinsa ya fito. Ya ce don Allah dattawa mu sassauta, ba ya jin ƙarar abin da yake yankawa. Dogo ya tambaye ni me yaron ya ce.

Na je asibitin. Wata likita ƙarama, sa'ar autata, ta sa min wani abu a kai, ta ba ni maɓalli, ta ce duk lokacin da na ji ƙara in danna. Na zauna ina jira ta fara. Can sai ta dafa ni ta ce ta gama.

Yanzu ina da abin kunnen, ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake. Ranar da aka sa min na shiga shago na yi sallama, ni kaina sai da na yi tsalle na waiga in ga wane marar tarbiyya ne. Ashe famfon gidana yana ɗiga, ashe takalmina yana ƙara, ashe Makaniki in yana shan shayi kamar ana janye ruwa daga kwata. Bencinmu kuwa ba ya zaunuwa sai na cire abin na sa a aljihu. Na shiga ɗakin bayan shagon da shi a kunne, ban kai ga zama ba na fito. Fentin ya yi kyau, Allah ya ba mai rabo.

Dogo ya ce na ci amanar masaƙa. Na ji zafin rabuwa da su, ba zan ɓoye miki ba, da su na yi ƙuruciya. Amma na yi tunani: a can sai na cire kunne zan zauna da mutane, a wajenku kuwa sai na sa. Na zaɓi in sa.

Saboda haka ina tafe ƙarshen wata. Ga sharuɗɗana. Duk mai magana da ni ya ɗago kansa, na yafe kunyar. Kawu zan gaishe shi daga bakin ƙofa har sai ya ce in matso. Ki ba Direba haƙuri, amma ki gaya masa ƙofar dai shi ya buge ta. In kuma batir ya mutu muryar ta hau, kada kowa ya gudu da jariri, ki buga min murfin tukunya, na ba ki izini.

Saura magana ɗaya, ita ce ta riƙe ni duk kwanakin nan, ba ihun ba. Kin ce rediyo take ragewa. Ni duk shekarun nan na ɗauka so ne ya yi mata yawa har ba ta iya ɓoyewa a gaban dangi, shi ya sa in ta taɓa ni kunya take kama ni in yi shiru. Da na karanta takardarki na ji kamar an ƙwace min wani abu da na daɗe ina ajiya. Na yi ta juya abin, ina bin shekarun ɗaya bayan ɗaya.

Na yarda da ke, tana ragewa. Amma ke a tsakar gida kawai kika gan mu. A nan, in na dawo daga aiki na gaji, mukan zauna a baranda, ni ban ce komai ba, ita ba ta ce komai ba, babu baƙo, babu abin ragewa. Nan ma hannunta a wurin yake.

Ki ce wa Direba ya zo da babbar mota. Da keken ɗinkin Uwar yara zan taho.

Yayanki,
Foman